Wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙananan Hukumomi na Afirka ta Kudu: wa muka ba takarda ta uku?

Zuwa ga Mai Girma Velenkosini Hlabisa,
Ministan Haɗin Gwiwar Gwamnatoci da Harkokin Sarautun Gargajiya,
Afirka ta Kudu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san da wuya wannan wasiƙa ta iso teburinka da harshen da na rubuta ta, kuma hakan bai hana ni rubutawa ba. Da Hausa nake tunani, da ita nake jin haushi, kuma batun zai amfani masu karatu da yawa ko da kai ba ka gani ba. Ni baƙo ne a ƙasarka, na daɗe a cikinta, ba ni da ƙuri'a. Sai dai takardar kuɗin ruwa ba ta tambayar fasfo, kowane wata tana zuwa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ɗan haya ma, idan ɗigon ya sauka a kan shimfiɗarsa, ai ya san wurin.

A 2025 ma'aikatarka ta buɗe bitar farar takardar 1998, wato takardar manufofin gwamnati, wadda a kanta aka gina tsarin ƙananan hukumomin ƙasar nan. Duk inda aka zauna kan wannan bita sai maganar hukumomin gunduma 44, waɗanda kowacce ke lulluɓe ƙananan hukumomi da yawa, ta taso: a bar su, a gyara su, ko a tattara su a ajiye. A kan wannan nake son in yi magana, kuma zan fara da abin da idona ya gani.

Wata shekara famfon unguwarmu ya ƙafe kwana goma sha ɗaya. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, muna ce mata Gogo kamar yadda ake ce wa kowace kaka a nan, jikoki uku take riƙo. Rana ta huɗu na ɗauke ta a mota muka je ofishin ƙaramar hukuma. Muka bi layi, muka isa gaban gilashi, ma'aikaciyar ta saurare mu cikin ladabi, sannan ta ce ruwa ba nasu ba ne, na gunduma ne. Ofishin gundumar yana wani gari, tafiyar fiye da awa ɗaya. Muka je. A can wani saurayi ya buɗe kwamfuta ya nuna mana cewa sun san da matsalar: bututu ne ya fashe a ƙarƙashin titi, titin kuma na ƙaramar hukuma ne, suna jiran izinin tona shi. Muka juyo da yamma babu abin da muka samo sai lambar ƙorafi a guntuwar takarda. Duk tsawon kwanakin nan wanda ya sha zagi shi ne kansilan mazaɓarmu, don shi kaɗai ne kowa ke da lambar wayarsa, alhali ko sukurudireba ba shi da ikon sa wa a ɗora a kan bututun. An bar jaki ana dukan taiki.

A hanyar dawowa Gogo ta faɗi maganar da ta sa ni wannan rubutu. Ta ce ranar zaɓe takarda uku aka miƙa mata. Ta farko ta san wanda ta ba, yaron da ke zuwa jana'iza ne. Ta biyu ta san jam'iyyar da ta dangwala wa. Ta uku kuwa, har yau ba ta san wa ta ba ba.

Kai ka san amsar, Yallaɓai, don ka yi kansila ka yi magajin gari a yankin Hlabisa kafin ka zo nan. Takarda ta uku ta majalisar gunduma ce, kuma kashi 40 cikin ɗari na kujerun kawai take cikawa, daga jerin sunayen jam'iyya. Sauran kashi 60 majalisun ƙananan hukumomi ne ke turo su daga cikinsu. Magajin garin gunduma kuma majalisar ce ke zaɓarsa. Wato hukumar da ke riƙe da ruwan Gogo, babu mutum ɗaya a cikinta da Gogo ta kalli hotonsa ta ce wannan nake so.

Ban ce waɗanda suka ƙirƙiro gundumomi ba su san abin da suke yi ba. Sun sani ƙwarai. Mulkin wariyar launin fata ya bar garuruwan fararen fata da shaguna da masana'antu da haraji, ya bar unguwannin baƙaƙe da yankunan karkara da aka ware musu hannu rabbana. Shi ya sa taken masu gwagwarmaya a wancan lokaci ya kasance birni ɗaya, asusun haraji ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1996, a sashe na 155, ya kasa hukumomi gida uku: babban birni mai cin gashin kansa, ƙaramar hukuma, da gunduma da ke lulluɓe ƙananan hukumomi da yawa. A zaɓen Disamba 2000 aka dunƙule hukumomi 843 suka koma 284. Yau 257 ne: manyan birane 8, gundumomi 44, ƙananan hukumomi 205. Aikin da aka yanka wa gunduma shi ne ta zama guga tsakanin rijiyar gari da bakin ƙauye, ta kuma riƙe injiniya da akanta waɗanda ƙaramar hukumar karkara ba za ta iya biya ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Niyyar mai kyau ce.

Abu biyu suka karya ta. Na farko kuɗi. Gundumomi sun gaji wani haraji daga majalisun yanki na dokar 1985, wanda ake karɓa kan albashin da kamfanoni ke biya da kan cinikin da suke yi. 'Yan kasuwa sun tsane shi, kuma suna da hujja. A ranar 1 ga Yuli 2006 aka soke shi, aka maye gurbinsa da tallafi daga baitulmalin ƙasa. Manyan birane daga baya an ba su kaso daga harajin man fetur. Gunduma kuwa ba ta karɓar harajin gidaje da filaye, wannan na ƙaramar hukuma ne. Tun daga ranar ta zama mai jiran a sammata. Wanda ake ba shi a hannu, ta yaya zai zama mai raba wa wasu?

Na biyu aiki. Sashe na 84 na dokar tsarin hukumomi ta 1998, bayan gyaran da aka yi masa a 2000, ya jibga wa gunduma ruwan sha da magudanan ƙazanta da kashe gobara da duba tsabtar muhalli da manyan jujin shara da mayanka da sauransu. Ba a yi nisa ba, a 2003, minista na lokacin ya mayar wa ƙananan hukumomi da yawa ikon ruwa. Sakamakon shi ne yau gundumomi 21 ne kawai ke da hurumin ruwa, akasarinsu a KwaZulu-Natal da Eastern Cape da Limpopo, inda talauci ya fi katutu kuma masu iya biyan kuɗin ruwa suka fi ƙaranci. Sauran 23 ba su da shi. Sai aka wayi gari da gundumomi iri biyu masu suna ɗaya: wata an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta, wata kuma tana da magajin gari da kakakin majalisa da motocin ofis, amma idan ka tambayi mutumin gari me take yi sai ya ɗaga kafaɗa. Gundumar da ka fito, uMkhanyakude, a cikinta madatsar ruwan Jozini take, ɗaya daga cikin manyan madatsun ƙasar nan, kuma shekara da shekaru ƙauyukan da ke hangen ruwanta suna kukan ƙishirwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na san masu ba da shawara za su zo maka da misalan ƙasashen waje, kowa da nasa a hammata. Ina roƙonka, kafin ka karɓi misali ka tambayi me kalmar gunduma take nufi a can, don sunan yana yaudara.

A lardin British Columbia na Kanada, hukumar gunduma ba ta lulluɓe kowa. Suna ne da ake ba hukumar da faɗinta ya wuce hekta 800 kuma mutanenta ba su kai biyar a kowace hekta ba lokacin da aka kafa ta. Saanich gunduma ce, amma ta fi birnin Victoria da ke maƙwabtaka da ita yawan jama'a, kuma duk aikin da birni ke yi ita ma tana yi. Wanda ya ce maka gundumomi na aiki lafiya a Kanada, tambaye shi wacce. Idan Muskoka ta lardin Ontario yake nufi, to wannan ta yi kama da taku: an kafa ta a 1971, ƙananan hukumomi shida ne a ƙarƙashinta, ruwa da magudana da shara da manyan hanyoyi nata ne, kuma tana da kasonta a cikin harajin gidaje.

A Lituwaniya hukumar gunduma ita ce hukumar, babu wata a sama ko a ƙasa da ita mai majalisa. Hukumomi 60 ne a ƙasar baki ɗaya, kuma a 2010 suka rufe ofisoshin gudanarwa na yankuna goma da ke tsakaninsu da gwamnatin tsakiya. Masu son a soke gundumomi suna ƙaunar wannan misali. Amma Lituwaniya ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, kuma gundumar Namakwa ta ƙasarka ita kaɗai ta kusa ninka ta biyu a faɗi. Su ma suna da nasu ciwon kan: gundumar Vilnius ta zagaye birnin Vilnius kamar zobe, mutane na kwana a ɗaya suna wuni a ɗayar, hatta ofishin gundumar a cikin birnin yake.

Turkiyya ta bi ta wata hanya. A can gunduma ce ƙarama, babban birni ne a samanta, Istanbul kaɗai tana da 39. Dokar 2012 da ta fara aiki a 2014 ta shimfiɗa iyakar manyan birane 30 har ƙarshen lardunansu, dubban ƙauyuka suka kwana ƙauyuka suka tashi unguwanni, dukiyar ƙauye ta koma hannun hukuma, dokokin birni suka hau kan mai shanu da mai gona. A 2020 sai da aka dawo aka ƙirƙiro matsayin unguwar karkara don a sassauta musu haraji da kuɗin ruwa. Na kawo wannan ne don masu cewa a mayar da kowace gunduma babban birni a huta.

Ƙasashe biyu ne nake ganin sun cancanci ka zauna a kansu, Ingila da Jamus, don ɗaya tana rushe bene na biyu, ɗaya kuma tana zaune a cikinsa lafiya.

Ingila ta kafa tsarinta mai hawa biyu da dokar 1972 wadda ta fara aiki a Afrilun 1974. A can ma gunduma ce ta ƙasa, yankin da suke kira kawunti ne a sama. Dubi yadda suka raba aiki: motar gunduma ce ke zuwa ƙofar gida ta kwashe shara, amma zubar da sharar aikin kawunti ne. Gunduma ce ke aika takardar harajin gida da tambarinta, ita ke bin wanda bai biya ba, amma kaso mafi tsoka na kuɗin kawunti yake tafiya, don makarantu da hanyoyi da kula da tsofaffi a can suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara hamsin suna fama da mutanen da ke buga wayar ofishin da ba shi ba. A 2023 North Yorkshire ta haɗe gundumomi bakwai da kawuntinta suka zama majalisa ɗaya, kuma a Disamba 2024 gwamnati ta fitar da farar takarda cewa sauran wuraren ma su bi sahu, da majalisun da za su riƙe mutane wajen dubu 500 kowacce. Abin da Gogo ta gani a bakin gilashi, shi Bature ya gani a bakin kwandon shararsa. Amma ka lura da farashin da suke biya. Kansiloli na raguwa, ofis na ƙara nisa, ƙaramin gari da ya saba da majalisarsa yana komawa lungu a cikin babbar taswira. A ƙasar da ke da jirgin ƙasa da intanet a ko'ina ana iya jure wannan. Tsohuwar da za ta biya kuɗin tasi sau biyu kafin ta ga fuskar ma'aikaci, ita ba za ta jure ba.

Jamus kuwa tana da gundumomin karkara 294, kuma ba a jin ana neman a share su daga doron ƙasa. Bajamushe ya san gundumarsa, don haruffan farko na lambar motarsa ma sunanta ko sunan birninsa suke nunawa, kuma a ofishinta ya yi wa motar rajista. Asibitin gunduma, makarantar koyon sana'a, motar shara, ofishin lafiya da kowa ya san ƙofarsa lokacin annobar korona, duk nata ne. Shugabanta, wanda suke kira Landrat, a yawancin jihohi jama'a ne ke zaɓarsa kai tsaye da sunansa. Kuɗinta kuma, babban ɓangarensa daga garuruwan da ke cikinta yake fitowa: kowace shekara majalisar gunduma na yanka kason da kowane gari zai bayar gwargwadon ƙarfin harajinsa, mai ƙarfi ya ba da da yawa, mara ƙarfi ya ba da kaɗan. Masu garuruwa na yin rigima a kan wannan kaso, wani lokaci har kotu. Ni wannan rigimar ce ta fi burge ni. Wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa, zai bi sawu ya ga inda aka kai su. A nan kuwa wace ƙaramar hukuma ce za ta tsare gunduma da tambaya, alhali ba ita ta ba ta ko ranɗi ɗaya ba? Kowa Pretoria, mazaunin gwamnatin ƙasa, yake kallo.

Akwai kuma abu ɗaya da Jamusawa suka yi wanda nake ganin shi ne mabuɗin. Birane sama da ɗari ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, su ne gundumar kansu. Ba sai birni ya kai girman Berlin ba. Sun yarda cewa garin da ya iya tsayawa da ƙafarsa ba ya bukatar rumfa a kansa, rumfar ta ƙauyuka ce da ƙananan garuruwa. Su ma sun yi kuskure a wasu wurare: a 2011 jihar Mecklenburg-Vorpommern ta matse gundumomi 12 suka koma 6, har ɗaya ta fi jihar Saarland faɗi, mutane suka yi ta ƙorafin nisa.

To ga abin da nake roƙo, Ranka ya daɗe. Kada a yanke wa gundumomi 44 hukunci ɗaya, don ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Dubi Amajuba: ƙananan hukumomi uku ne, Newcastle da Dannhauser da eMadlangeni, kuma Newcastle ta fi sauran biyun a haɗe jama'a da kuɗi, ruwanta ma a hannunta yake. Me gunduma za ta koya mata? Haka Polokwane da Mbombela da Rustenburg da Msunduzi. Irin waɗannan a sake su su tsaya da kansu. Sannan dubi Central Karoo, inda Beaufort West da Laingsburg da Prince Albert ke warwatse a cikin fako da mutanen da duka-duka ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. A irin wannan wuri injiniya ɗaya nagari da motar kashe gobara mai lafiya a hannun gunduma sun fi ofisoshi uku da babu kowa a ciki. A can ƙarfafa gunduma ya kamata a yi, wataƙila ma ita ce za ta zama hukumar, ƙananan su zama rassanta masu ƙofa a buɗe.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce: idan aka cire gari mai kuɗi, an bar gunduma da ƙashi. Za a nuna gundumar Amathole, wadda Buffalo City ta fice daga cikinta a 2011 ta zama babban birni, kuma tun daga nan ba ta rabu da kukan kuɗi ba. Za a tuna cewa gundumar Motheo ɓacewa ta yi ɗungurungum da Mangaung da ke cikinta ta zama babban birni. Na yarda. Amma a gaya mini, a tsarin da ake ciki yanzu, ta wace hanya kuɗin Newcastle ke isa eMadlangeni? Harajin da ke yin wannan aiki ya mutu tun 2006. Rabon arziki tsakanin gari da ƙauye yanzu baitulmalin ƙasa ne ke yin sa ta kason da yake ba kowace hukuma. Idan ana son gunduma ta koma yin sa, a ba ta igiyar gugan, ko kaso irin na Jamus ko wani haraji nata na kanta. Idan ba za a ba ta ba, a daina kafa hujja da aikin da ba ta yi.

Game da tsarin raya gundumomi da Shugaba Ramaphosa ya ƙaddamar a 2019 a gundumar OR Tambo, wanda ke son ma'aikatun ƙasa da na lardi da na ƙananan hukumomi su zauna su fitar da shiri ɗaya a kowane ɗaya daga yankuna 52, wato gundumomi 44 da manyan birane 8, ba ni da faɗa da shi. Zama tare abu ne mai kyau. Sai dai taro ba ya ɗinke bututu, kuma shiri ɗaya bai gaya wa Gogo ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Duk inda aka bar gunduma da ruwa a hannunta, a ba ta ikon tona titin da bututunta ke ƙarƙashinsa ba tare da jiran takarda daga wani gari ba, a kuma tilasta mata buɗe teburin ƙorafi a cikin ofishin kowace ƙaramar hukuma, ƙofa ɗaya, layi ɗaya. Wannan ba ya bukatar gyaran kundin tsarin mulki. Mai wuyar ita ce takarda ta uku. Ina so a sa mata suna da fuska, ya zama mai riƙe da ruwan gunduma mutum ne da aka zaɓa kai tsaye, wanda zai zo ƙauye neman ƙuri'a, a kuma iya tsare shi a bakin famfo. Jam'iyyu ba za su so wannan ba, har da taka, don jerin sunaye ya fi daɗin juyawa a ofishin jam'iyya.

Ruwanmu ya dawo a rana ta goma sha biyu, da asuba, ja kamar an dama ƙasa. Gogo ta tara bokiti biyu ta bar su su kwanta. Guntuwar takardar ƙorafin tana nan maƙale a bayan ƙofarta, ta ce za ta tafi da ita rumfar zaɓe mai zuwa ta tambayi ma'aikatan ko cikin takardun uku wacce ce ta masu wannan lamba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani baƙo mai biyan kuɗin ruwa a ƙasarka.